Wanda Ya Daina Taba Ba A Ce Masa Ya Zauna Cikin Hayaƙi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Amsar da baƙonku ya ba bawan Allahn nan da ya bugo waya a shirin lafiya na makon jiya ita ce ta hana ni yin shiru. Mutum ya ce sati uku ke nan da ajiye sigari, abokan zamansa duk mashaya ne, sai aka ce masa wai in dai niyyarsa ta gaskiya ce hayaƙin wani ba zai mayar da shi ba, ya buɗe taga kawai ya daure. Mai gabatarwa ya ce haka ne, aka wuce. Wallahi raina ya ɓaci. Amsar nan kuskure ce, kuma ba shi kaɗai ya ji ta ba. Duk wani mai fama da dainawa da ke sauraro an ba shi izinin komawa bakin rijiya ya zauna.

Hayaƙin da ke cika ɗaki, mafi yawansa ba daga bakin mashayi yake fitowa ba. Daga kan sigarin da ke ci yake tashi, tsakanin zuƙa da zuƙa, bai bi ta matatar da ke gindin karan ba, kuma da nikotin ɗinsa yake tafe, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun zaunar da mutane awa ɗaya cikin mota tare da mai shan taba, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sai ga nikotin ya kama kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren da yake maƙalewa a ƙwaƙwalwa, a jikin mutanen da ba su kai sigari baki ba. Mashayan da ke cikinsu kuma ƙawar taba ta ƙaru musu bayan zaman. To ina niyya ta shigo a nan? Niyya ba ta tace iska.

Ga abin da baƙonku bai bayyana ba. Shekarun shan taba suna ƙara yawan waɗannan wuraren maƙalewa a ƙwaƙwalwa, kuma bayan an daina sukan ɗauki kamar sati 6 zuwa 12 kafin su koma daidai da na wanda ba ya sha. Mai sati uku yana tsakiyar wannan aiki ne. Ɗan nikotin da zai shaƙa daga hayaƙin abokinsa bai isa ya biya masa buƙata ba, amma ya isa ya tashe ta, kamar a ɗiga wa mai ƙishirwa ruwa a harshe a ɗauke kofin.

Ko babu nikotin ma, zaman kansa tarko ne. Mai shan kwali ɗaya a rana, kara 20, in kowane kara ya yi masa zuƙa goma, zuƙa 200 ke nan a yini, sama da 70,000 a shekara. Kowace zuƙa nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, saboda haka ƙwaƙwalwa ta daɗe da ɗaure daɗin da duk abin da ke zuwa tare da shi: ƙarar ƙyasta ashana, warin hayaƙin farko, yadda ake bubbuga kwali a tafin hannu, yadda ake karkaɗe toka da ɗan yatsa. Waɗannan ba sa gogewa cikin wata ɗaya. Akwai wanda zai shekara biyu lafiya lau, wari ɗaya ya bugi hancinsa ya ji yawu ya taru masa.

Mafi muni kuma shi ne kusanci. Ƙawar taba zuwa take kamar igiyar ruwa, ta yi sama ta sauka, yawanci cikin 'yan mintuna. In sai mutum ya tashi ya sa takalmi ya fita nema, sau da yawa kafin ya isa ta lafa. In kuwa kwalin yana kan tebur a gabansa, aboki kuma ya miƙo ya ce ungo, ɗaya ce kawai, mintunan nan ba za su cece shi ba. Kuma sanannen abu ne a wajen masu aikin taimaka wa mutane su daina cewa galibin waɗanda suka sha kara ɗaya bayan dainawa gidan jiya suke komawa. Cikin masu dainawa da ƙarfin hali kawai, ba magani ba mai taimako, kimanin uku zuwa biyar cikin ɗari ne ke kai wata shida zuwa shekara, yawancin sauran tun a makon farko suke faɗuwa. Mutumin da ya tsallake wannan makon har ya kai na uku ya yi babban aiki. Shi ne za a ce wa ya je ya gwada kansa?

Batun taga kuwa an daɗe da gama shi. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya ce babu wani adadin hayaƙin wani da za a kira mara haɗari, kuma raba wurin zama ko kunna fanka ko na'urar tace iska ba sa kawar da shi. Sashe na 8 na yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda ta fara aiki a 2005, a kan wannan tushe yake: wuri ne ake tsarkakewa gaba ɗaya. Taga rage hayaƙin take yi kawai, ba ta kawar da shi. Ƙananan ɓurɓushin suna yawo a ɗaki sa'o'i bayan an kashe sigari, saura kuma ya kwanta a labule da kujera da tufafi, warin yana tashi har gobe. Wannan fa ban ma taɓo zuciya ba, alhali zama da mai shan taba yana ƙara wa wanda ba ya sha haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.

Abin da ya kamata a gaya wa mai tambayar ba shi da wuya. Wata ukun farko ya ƙaurace wa duk inda ake kunna taba, ko da wurin hirar da ya saba ne, ya nemi abokan a wani lokaci da wani wuri. Zumunci ba zai yanke don wata uku ba. Gida da mota a sa doka guda, ba a sha a ciki ko kaɗan, ko da daddare, ko ana ruwan sama. Mai sha ya fita waje nesa da ƙofa da taga, a rufe ƙofar, kwalinsa da ashanarsa kuma kada ya bar su inda ido zai kai. A wanke labule da zannuwan gado da rigunan da suka sha hayaƙi, a goge cikin mota, a zubar da farantin toka. In an miƙo masa, amsarsa ita ce na daina. Kada ya ce ina ƙoƙari, domin mai cewa yana ƙoƙari sake yi masa tayi ake yi. In aka kunna a gabansa ba shiri, ya tashi ya bar wurin minti goma, ba sai ya ba kowa hujja ba.

Wanda aikinsa ya tilasta masa zama da mashaya, shi ne ya fi kowa buƙatar magani, kuma ko ambaton maganin ba a yi ba a shirin. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, mai miligiram 21 da 14 da 7, ana sauka daga babba zuwa ƙarami. Akwai cingam ɗin nikotin mai miligiram 2 da 4, kuma wanda ya saba kunna ta farko cikin rabin awa da tashi barci mai 4 ɗin ne nasa. Inda mutane ke ɓata shi shi ne taunawa kamar cingam ɗin yara. Ana tauna shi a hankali ne har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kusan rabin awa. In aka tauna da sauri haɗiye nikotin ɗin ake yi, ya jawo shaƙuwa da tashin zuciya, mutum ya ce maganin ba ya aiki. Kada a sha abu mai tsami minti 15 kafin sa shi. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta haɗa da ƙwayoyin varenicline da bupropion da cytisine. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara ganin likita tukuna. In kuma an zame an sha ɗaya, a jefar da sauran kwalin nan take, a ci gaba da maganin, a duba wane zama ne ya jawo, a kauce masa gobe.

   

Ina roƙo a shiri mai zuwa ku gyara waccan amsa tun a farkon shirin, ba a ƙarshe lokacin da ake sauri ba, ku kuma ambaci mai sati ukun nan don in yana sauraro ya san da shi ake.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum.