Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A matsayina na sakataren ƙungiyarmu ta masu gyaran kwamfuta da kula da hanyoyin sadarwa a nan Garwa, ga abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

Tun zaman farko muka amince mu tsaya kan abu ɗaya: yadda ake tarar harin intanet bayan ya auku, da neman takardar shaidar ƙwarewa a kansa. Takardu biyu muka duba. Akwai GCIH ta GIAC (hukumar da ke ba da takardun shaidar tsaron intanet), wadda kwas ɗin SEC504 na cibiyar SANS ta Amurka ke shirya mutum dominta. Awa 4 ake zaman jarrabawarta, an yarda a shiga da littattafan takarda, kuma ana sabunta ta duk shekara 4. Sai ECIH ta wata hukumar mai suna EC-Council, wadda ake sabuntawa duk shekara 3. Da dala ake biya, in aka juya kuɗin zuwa sefa sai jikin mutum ya yi sanyi. Ga karatun da Turanci, mu kuwa yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal.

Duk Asabar bayan la'asar mun riƙa bin matakai 6 da SANS ke koyarwa: shiri, gano harin, killace shi, kawar da shi, maido da aiki, sannan a zauna a duba inda aka yi sake. Wajen killacewa muka fi daɗewa, kuma ni a ganina nan ne amfanin shekarar yake. Kowa ya san al'adarmu: a kawo kwamfuta mai ƙwayar cuta, mu goge ta ƙarƙaf mu sake ɗora Windows, mai ita ya biya ya tafi yana godiya. Ashe shaida muke sharewa da hannunmu.

Da damina aka kulle fayilolin wani shagon buga takardu, ɓarayin suna neman kuɗin fansa. Ɗan uwanmu da aka kira bai goge komai ba. Ya zare wayar sadarwa, ya bar na'urar a kunne, ya ɗauki hoton saƙon, ya rubuta lokaci, ya hana a sake soka kebul ɗin ajiya. Da haka sauran kwamfutocin suka tsira, aka kuma gano cewa ta wani maƙalallen fayil na imel aka shigo. Mun taimaki mai shagon ya kai rahoto ga CIRT, sashen kula da harin intanet na ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta Kamaru, tunda dokar 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta hukunta irin wannan laifi. Wasu fayilolin ba su dawo ba, don ajiyarsa ta ƙarshe ta tsufa. Abin ya dame ni har yau.

Inda muka gaza ba zan ɓoye ba. A zafin Maris da Afrilu ɗaukewar wuta ta ci mana zama da dama, kuma har yanzu babu ɗayanmu da ya zauna jarrabawar. Adashen da muka buɗe dominta bai cika ba, wasu sun tsaya da zubi tun tsakiyar shekara.

Shawarar kwamiti ita ce a tara kuɗin kan mutum ɗaya, wanda ya fi maki a gwajin da za mu shirya, bisa sharaɗin ya dawo ya koyar da sauran. 'Yan uwanmu na Marwa da Ngaundare sun nemi shiga zaman Asabar ta waya. Duka biyun za a kaɗa musu ƙuri'a a babban taro, kuma ma'aji zai zo da littafin zubi domin kowa ya ga nasa.