Kafin ka sayi keken saikulokuros, auna ƙafarka tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin matasan da ke sayen kekunan tsere na hannu, musamman irin na saikulokuros, da niyyar hawa kwalta da hanyar burji. Yawancinsu fenti da sunan kamfani suke dubawa, sai bayan mako biyu gwiwa da ƙugu su fara ƙorafi.

An ƙera wannan keke ne don tseren kusan awa ɗaya cikin taɓo da ciyawa, wasan da Beljiyam da Holan suka fi shahara da shi, wanda aka fara gasar duniyarsa a Faris a 1950. Saboda haka mazaunin fedarsa, wato wurin da sandunan feda suke juyawa a jikin firam, ya fi na keken titi nisa da ƙasa, don kada feda ta riƙa bugun kunya ko dutse. Wannan ya sa duk keken ya ɗaga. Wanda ya saba da firam mai lambar girma 56 a keken titi yana iya samun 56 na saikulokuros ya yi masa tsayi. Kuma lambar da ke jikin firam ba abin dogaro ba ce, kowane kamfani da yadda yake aunawa.

Ga yadda ake yi. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka har sama kamar kana zaune kan sirdi, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ce an samu santimita 82. Ninka da 0.883, ya ba ka kusan 72: nisan da ya kamata ya kasance ke nan daga tsakiyar mazaunin feda zuwa saman sirdi. Idan ka hau, ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa galibi alama ce sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Sannan ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, a samu ratar santimita 3 zuwa 5 tsakaninka da ƙarfen sama. A burji birki na gaggawa ba ya sallama, wanda ya taɓa dirowa kan wannan ƙarfe ba ya bukatar ƙarin bayani.

Abin da aka fi yin sake da shi shi ne tsawon keken, wato daga sirdi zuwa kai. Sirdi ana ɗaga shi a sauke, tsawon firam kuwa yadda aka ƙera shi haka zai zauna. Ɗora hannuwa kan marikan birki: gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta sake. In sai ka miƙe tamkar mai miƙa gaisuwa ta kan katanga, keken ya yi maka tsawo, kuma duk girgizar tsakuwa a wuyanka za ta ƙare. Ana iya sauya wuyan da ke riƙe kan keken, wanda yawanci milimita 90 zuwa 110 ne, amma ragin santimita ɗaya ko biyu kawai zai yi. Kada a gyara wannan da tura sirdi gaba, nauyi zai koma kan tafin hannu, yatsu su riƙa mutuwa. In kana tsakanin lamba biyu, a ganina ƙaramin ya fi, don ya fi sauƙin gyara. Faɗin kan ya yi daidai da kafaɗunka, santimita 40 zuwa 44.

Sai taya. Dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta hana faɗinta ya wuce milimita 33, amma wannan na masu gasa ne. Don kwalta da burji, nemi 35 zuwa 38 mai ƙananan haƙora a tsakiya, muddin za a bar ratar kamar milimita 5 kowane gefe tsakanin taya da firam saboda laka. Mai nauyin kilo 70 ya fara da iska fam 40 zuwa 45 a ma'aunin famfo (PSI). Mai faci zai so ya cika ta ta yi tauri kamar dutse, kada ka yarda, tsalle za ta riƙa yi tana zamewa a kwana. Girman rim ɗin shi ne wanda ake kira 700c, bakin tub ɗin kuma siriri, famfon masu faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi, don haka ka riƙa yawo da naka da tub na ajiya.

Tunda na hannu ne, duba ko akwai ramukan ɗaura gorar ruwa, wasu firam na gasa ba su da su, kuma a zafin watan Afrilu wannan ba ƙaramin aibi ba ne. In firam ɗin kabon ne, haska tocila kewayen mazaunin feda da wuyan cokali, wato abin da ke riƙe tayar gaba. Ka ga tsaga komai ƙanƙantarta, bar wa dillali kayansa.

Naka,
Wani mai gyaran kekuna, Kano.