Godiya ga Ma'aikatan Gandun Dajin Yankari

Zuwa ga shugabanni, jagorori da masu gadin daji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu direbobi da malaman makaranta masu kai baƙi da ɗalibai Yankari daga Bauchi muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, musamman a kan dokar da wasu baƙi ke ɗauka takura ce: ba a kutsa daji sai da jagora, ba a kuma sauka daga mota sai ya ba da izini.

Wanda bai san girman wurin ba shi ke ƙorafi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga Dindima, inda ake rabuwa da titin Gombe, kimanin kilomita 29 ne zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma saura kimanin 42 kafin sansanin Wikki. Hanyoyin ciki kamanninsu ɗaya, sabis na waya ba ko'ina ba, ga yashi. Motar da ta kafe, direba in ya ci gaba da taka totur binne tayar kawai yake yi. Ragewa tayoyin iska ake yi, a sa giya ta biyu, a ja a hankali. Mai hankali tun daga Bauchi yake cika tanki, ya duba ruwan lagireto da safaya da jak.

Lokacin fita da kuka tsayar, sassafe da kuma bayan la'asar, daidai ne. Zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, da rana tsaka kuwa dabbobi na laɓe a inuwa. Amma a waɗannan watannin ne kallo ya fi daɗi, domin tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza duk sun gangaro kogin Gaji. Da damina ruwa ko'ina, dawa ta rufe, baƙo sai ya sha yawo bai ga komai ba sai gadu. Giwa kam rabo ce, kuma muna yaba wa jagoran da ke faɗa wa baƙo haka tun kafin a tayar da mota.

A ɓangaren duwatsu ne amfanin jagora ya fi fitowa fili. Tudun Kalban da kogunan Marshall guda 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse wurare ne da ake takawa da ƙafa. Dutsen yashi ne, yana marmashewa, silifas ba ya kama shi, don haka kambas ake sawa. Kowane mutum ya riƙe ruwa lita 2 zuwa 3, ya riƙa kurɓa tun ƙishi bai kama shi ba. Ɗalibin da ya fara ciwon kai da jiri a zaunar da shi a inuwa nan take. Baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu suna jawo ƙudan tsando, cizonsa kuma yana ratsa riga marar kauri.

Sai gwaggon biri na sansani. Ƙarar leda kaɗai ta ishe shi, yana kuma iya tura ƙofar da ba a kulle ba. Gargaɗinku na kada a ba shi abinci shi ne maganin abin, don wanda aka saba wa miƙowa fizga yake komawa.

A ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, tsabtarsa kan ruɗi yaro: yana hango yashin ƙasa sai ya zaci bai kai gwiwa ba, alhali wajen gindin dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa yana shanye babba. Wanda bai iya iyo ba, can gefe marar zurfi ne wurinsa, malami na tsaye a kansa.

Godiya ta musamman ga masu gadi da ke kwana dawa suna sintiri a ƙafa saboda mafarauta. Tun 1956 ake tsare da wannan daji, kuma garken giwayensa na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aiki.

Naku,
Wasu direbobi da malaman makaranta, Bauchi