Ina mafita ga ma'aikatan gwamnatin Amurka idan albashi ya tsaya?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwanmu da ke aiki da gwamnatin tarayyar Amurka, waɗanda albashinsu ke tsayawa duk lokacin da majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi. A rufewar ma'aikatun gwamnati da hakan ya jawo daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, wadda ta ɗauki kwana 35, ma'aikata kusan 800,000 ne suka rasa albashi a kan lokaci, alhali kuɗin haya bai jira kowa ba.

Kada kunya ta hana magidanci neman taimako. A yankin Washington, ƙungiyar agaji ta Capital Area Food Bank kan raba kayan abinci kyauta, bankunan haɗin gwiwa irin su Navy Federal sun ba da rance marar ruwa, lambar waya 211 kuma tana haɗa mutum da masu agaji na unguwarsa.

Waɗanda suka fi damuna su ne ma'aikatan kwangila, irin su masu shara da masu gadi, domin dokar 2019 da ta tabbatar da biyan bashin albashi ba ta haɗa da su ba. Ina roƙon masallatanmu da ƙungiyoyinmu su fara da su wajen rabon tallafi.

Naka mai karatu,
daga jihar Maryland, Amurka