Sanarwa kan faks ɗin firintar ofis

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tun makon jiya takardun da muke turawa ta faks suna tsinkewa a hanya. Jiya na zauna da injin bayan La'asar, kuma alhamdu lillahi an gano bakin zaren.

Da farko, wayar layi an soka ta a ramin EXT ne, alhali gurinta ramin da aka rubuta LINE. Na mayar da ita, don Allah kada a sake taɓawa.

Babbar matsalar ita ce gudu. Saurin aikawar injin yana kan 33,600, layinmu kuwa ta intanet yake bi, ba ya jure wannan saurin. Na sauke shi zuwa 9,600, na kuma kashe ECM, wato tsarin da ke sake aika abin da ya lalace, domin a irin wannan layi shi ne ke sa kira ya yanke. Shafi zai ɗan jima kafin ya wuce, a yi haƙuri da shi.

Lambobin Abuja da aka adana da 09 a gyara su zuwa 0209, tun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sauya tsarin. Ƙasar waje kuma a fara da 009.

Takarda mai ƙananan rubutu ko hatimi, a zaɓi Fine a wajen saita ingancin hoto, in ba haka ba dishi-dishi za ta isa. Kuma Hajiya, ke da kike yawan aikawa, ki riƙa jiran takardar shaida ta fito da OK kafin ki tashi.

Na gode.