Sanarwa kan ƙarambau a makarantarmu

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka.

Cutar ƙarambau ta ɓulla a azuzuwan ƙananan yara, shi ya sa kwamiti ya ce a sanar da ku tun kafin ta bazu. Tana farawa da zazzaɓi, sai jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙirji da baya da fuska, daga baya su ɗuri ruwa. Tari da atishawa da ruwan ƙurajen ne ke yaɗa ta. Wanda ya ɗauka yakan yi kwana 10 zuwa 21 kafin alama ta bayyana, don haka a riƙa ɗaga rigar yaro kowace safiya ana dubawa.

Duk yaron da ya kamu, a bar shi gida har ƙurajen su bushe gaba ɗaya su yi ɓawo. Malamai za su rama masa karatunsa. A yanke masa farce, susa ce ke jawo gyambo da tabo. Don Allah kada a ba shi asfirin, haɗari ne ga mai ƙarambau, farasitamol ya wadatar. Abin da ya fi damuna shi ne masu juna biyu da jarirai, a nisanta su da mara lafiyar. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a harabar makaranta, ma'aikaciyar lafiya za ta amsa tambayoyinku. Kowane gida ya turo mutum ɗaya.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya tsare sauran.

Sakataren kwamitin iyaye