Amsa ga Alhaji mai shagon takalma a kasuwar Dole: kafin ka sayo sabon inji

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kasuwa na albarka.

A filin rediyo na masu sana'ar hannu ka kawo kuka. Ka ce kai da maƙwabcinka takalman fata iri ɗaya kuke ɗinkawa, kekunanku iri ɗaya, yaranka 6 nasa 6, amma a wata yana fitar da kusan ninkin naka. Ka ɗora laifin a kan yaran yanzu, ka ce ba sa son aiki, kuma kana tunanin ko dai ka ci bashi ka sayo sabon inji daga Kano, ko ka sallami rabinsu. Sannan ka nemi mu da muka karanta tattalin arziki mu faɗa maka abin da bincike ya nuna. To ga shi.

Abin da kake gani tsakaninka da maƙwabcinka ba a Damagaram kaɗai yake ba. Wani masanin tattalin arziki, Chad Syverson, ya duba masana'antun Amurka, a binciken da ya fitar a 2004 ya tarar cewa a cikin sana'a ɗaya, idan an ba su ma'aikata da injuna da kayan aiki daidai wa daida, waɗanda ke sahun gaba suna fitar da kusan ninki biyu na waɗanda ke sahun baya. A Indiya da Sin tazarar ta fi haka nisa. Tun da an riga an daidaita inji da yawan hannu a cikin lissafin, sai a nemi dalilin a wani wuri.

Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun neme shi a masaƙun da ke kusa da Mumbai, suka fitar da sakamako a 2013. Sun tura wa wasu masaƙu masu ba da shawara kyauta na wata 5, wasu kuma wata 1 kawai aka yi ana duba su aka tafi. Ba a sayo musu injin saƙa ko ɗaya ba. Abin da aka koya musu ƙananan abubuwa ne guda 38: a rubuta kowane aibi da aka gani a jikin yadi da irinsa, a zauna kullum a duba rubutun jiya, a yi wa inji gyara kafin ya tsaya, a ɗauke zare daga ƙasa a jera shi a kan kanta kowane launi da alamarsa. A shekarar farko aikin da suke fitarwa, in an daidaita yawan hannu da inji, ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Da aka tambayi masu masaƙun me ya hana su yin haka tun da, wasu abubuwan ba su taɓa ji ba, waɗanda suka sani kuma ba su yarda za su kawo riba ba. Waɗannan masaƙu na ma'aikata ɗaruruwa ne, shagonka na mutum 6, don haka kada ka riƙe 17 ɗin a matsayin alkawari. Abin ɗauka shi ne ta inda suka fara, wato rubutu.

Ka sayi littafi ɗaya, ka ba shi mako 4. Kada ka zaɓi makonnin jajibirin Sallah, aikin wannan lokacin ba ya nuna halin shago. Kowace yamma a rubuta ƙafa nawa aka yanka, ƙafa nawa aka gama, ƙafa nawa aka dawo da su gyara da dalilin dawowar (tafi ya ɓalle, ɗinki ya karkace, hagu ta fi dama), da kuma lokacin da aiki ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Wannan layi na ƙarshe shi masu shago suka fi rainawa, shi kuma ya fi tona asiri. A rubuta a fili: kuran ya ɗauke awa 2, gam ya ƙare an aiki yaro kasuwa, Alhaji ya fita da makullin sito. Guntayen fatar da aka zubar kuwa a tara su a buhu ɗaya a ɗora a sikeli kafin a rufe shago.

Ga yadda lissafin yake, da adadi na misali, kai sai ka sa naka. A ce fata da tafi da gam da zare na ƙafa ɗaya sun ci jika 2, ka sayar jika 3 da rabi. Abin da hannun yaranka ya ƙara jika 1 da rabi ke nan. Mutum 6, awa 8, kwana 6, awa 288 a mako. Idan sun gama ƙafa 120, ka samu jika 180, wato sefa 625 a kowace awa ta mutum ɗaya. Yanzu ka duba littafi. Idan kullum ana asarar awa ɗaya da rabi a jira, awa 54 ta tafi a mako, kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin da kake biya. Wannan ba lalaci ba ne, yaro ba ya ɗinka abin da ba a yanka masa ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan yara suka ɗauka littafin na yankan kuɗi ne. Nan take za su fara ɓoye aibi, su cusa takalmin da ya karkace a tsakiyar kwali. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa a watan nan ba wanda za a cire wa ko dala, kuma ka cika.

Sai maganar biya, wadda ba ka taɓo ba, alhali ina ganin nan ne gizo ke saƙar. Edward Lazear ya bi wani kamfanin Amurka mai saka gilashin mota, Safelite, lokacin da ya bar biyan awa ya koma biyan jinga a 1994 zuwa 1995. Aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara himma, sauran kuma saboda masu zafin nama sun shigo, masu sanyin jiki sun kama gabansu. Amma kamfanin bai saki abin haka nan ba. Ya bar wa kowa albashi tabbatacce a ƙasa, gilashin da aka saka ba daidai ba kuma ba a biyan kuɗin sake shi. Idan za ka koma jinga, ka biya a kan ƙafar da ta wuce dubawa, kada ka biya a kan wadda ta sauko daga keke. Ga wanda ka ɗauka a matsayin ma'aikaci kuma, ka tuna mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun Janairun 2024.

Jinga tana da nata tarkon, kuma misalinsa daga 'yan uwanku masu yanka da ɗinki ya fito. A Sialkot ta Pakistan, inda ake ɗinka ƙwallon ƙafa, David Atkin da abokansa sun ƙera wani ƙarfen yanka da ke rage ledar ƙwallon da ake ci da kusan kashi 7 cikin 100 wajen fitar da gutsuren nan mai kusurwa 5. A 2012 suka raba wa kamfanoni 35 kyauta. Bayan wata 15 waɗanda suka kama amfani da shi ba su kai 10 ba. Dalili kuwa, masu yanka jinga ake biyan su. Sabon ƙarfe yana rage musu sauri kafin hannu ya saba, ledar da aka tsimta kuma aljihun mai gida take shiga. Sai suka riƙa gaya wa iyayen gidansu cewa ƙarfen ba shi da kyau. Da aka yi wa mai yanka alkawarin kyautar kuɗin wata guda idan ya ƙware a kansa, sai kamfanoni suka fara karɓa. Mai yankanka ma haka. In kana so ya tsaya ya jujjuya kwalin awo a kan fata har ya fitar da ƙarin ƙafa, ka ba shi rabo a cikin abin da buhun guntaye ya ragu, ka kuma riƙe masa kuɗinsa na da a makonnin koyo.

Sallamar rabin yara ba na ba ka shawararta kafin littafi ya cika. Idan jira ne matsalar, za ka kori hannun da ka sha wahalar koyarwa, matsalar ta zauna inda take.

Inji kuwa ban ce kada a saya ba. A Sirilanka an ba ƙananan masu sana'a dalar Amurka 100 ko 200 a 2005, ribar da jarin ya kawo ta kai wajen kashi 5 cikin 100 a wata, musamman a shagunan maza. Sai dai ka san wane inji. Ka tsaya a shago da hantsi ka duba inda aikin da ba a gama ba yake taruwa. Idan fatar da aka yanka ce ta yi tsibi a gaban kekuna, keke kake buƙata. Idan masu keke ne zaune suna jiran mai wuƙa, sabon keke shi ma layin jira zai shiga. Bayan haka ka ƙiyasta ƙarin ƙafar da zai kawo a wata, ka tambayi kanka ko kana da mai sayen su, daga ribarsu ka cire man gurup, wato injin wuta, da gyara da kuɗin ruwan bashi, ka raba farashin inji da abin da ya rage. Adadin da ya fito shi ne watannin da zai yi kafin ya biya kansa. In ya wuce wa'adin da mai bashi ya ba ka, ka dakata.

Allah ya ƙara buɗi. Wassalam.